Shin Hatsin Da Tsoho Yake Watsa Wa Tsuntsaye Ɓarna Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Yake ciyar da mai rumbu da marar rumbu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu tattauna a wannan fitowa ƙarama ce a ido, har wani zai ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Mu ma haka muka ɗauke ta ranar da aka kawo mana ita, sai da muka bi ta a hankali muka tarar da haƙƙin iyaye a ƙarƙashinta.

A wata shekara da jan baki ya sauka a gonakin gabas da garinmu dab da girbi, wani magidanci daga cikin masu salla tare da mu ya tsaya bayan la'asar har kowa ya watse, sa'an nan ya matso ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ina da magana a kan tsohona." Mahaifinsa ya haura shekara 80. Kullum in rana ta fito sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin dogon yaron ƙofar gida, ya watsa tafin hatsi a ƙasa, ya cika wani tsohon kasko da ruwa, ya zauna yana kallon kurciyoyi suna ci, wani lokaci ma yana yi musu magana. Shi kuwa ɗan, gonar da ya saba samun dami 80 a cikinta, a shekarar bai ɗaure 30 ba. Tun kafin bazara ya koma awo a kasuwa, tiya tiya. Matarsa tana ƙorafi, maƙwabta sun fara cewa tsoho ya ruɗe. Abin da yake so shi ne mu je mu faɗa wa mahaifinsa cewa wannan almubazzaranci ne, "domin in Malam ne ya faɗa, zai ji."

Lalle ne mu ba wannan magidanci haƙƙinsa, domin maganarsa tana da nauyi. Mu mutanen wannan ƙasa ba a koya mana darajar ƙwayar hatsi a makaranta. Dattawanmu sun ga yunwar 1973 da 1974, sun ga ta 1984 wadda aka laƙaba wa El-Buhari, mu kuma mun ga ta 2005 da idonmu, bayan fara da ƙarancin ruwa na daminar 2004, lokacin da mata suka riƙa jerin gwano da ɗiya goye a ƙofar gidajen jinya na Maraɗi. Wanda ya ga haka, in ya ga hatsi a ƙasa zuciyarsa sai ta motsa. Sa'an nan manomi bai san tsuntsu da alheri ba. Jan baki yana cikin tsuntsayen daji mafiya yawa a duniya, yakan zo kamar hadari, ya sauka a gona da safe, kafin azahar zangarniya ta zama fanko. Yara su kwana da shirin kora, su yini suna buga gwangwani suna ihu har murya ta dushe. Mutumin da ya yi wannan yaƙi ya sha kashi, ya dawo gida ya iske ubansa yana yi wa masu fiffike liyafa, ba za a zarge shi ba in ransa ya ɓaci.

Shari'a ma tana tare da shi a wani gefe. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai ciyarwa ya fara da waɗanda suke wuyansa, kuma ya nuna cewa tozarta su zunubi ne da ya ishi mutum. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da mata da ƙananan ɗiya wajibi ne, haka ciyar da iyaye matalauta a kan ɗan da yake da hali, haka dabbar da mutum ya ɗaure in babu makiyaya. Tsuntsun daji ba ya cikin wannan lissafi. Ba ka ɗaure shi ba, saboda haka abincinsa bai hau kanka ba. In ka ba shi, sadaka ce ta ganin dama. Kuma ba a barin wajibi don nafila. Da a ce tafin hatsin nan shi ne zai sa yaro ya kwana da yunwa, da mun ce a hana, ba tare da wani dogon bayani ba.

To, amma ba mu ba da amsa a ranar ba. Mun ce masa za mu zo mu gai da Baba.

Da muka je da hantsi, mun iske shi kamar yadda aka siffanta. Tun daga nesa ya ɗaga mana hannu, watau mu tsaya. Muka tsaya a jikin katanga. Kurciyoyi kamar goma sha biyu suna tsattsaga kusa da ƙafafunsa, ɗaya ma a bakin buzun, hasbiya biyu a can gefe suna ɗari-ɗari, ga gwara suna tsalle a bakin kaskon ruwa. Da muka taka ƙafa ɗaya, gaba ɗaya suka tashi. Bayan mun gaisa muka tambaye shi: "Baba, tun yaushe kuka saba da waɗannan baƙin?" Ya ce tun shekarar da tsohuwarsa ta rasu. Ita ce take zuba musu tsakin da ya rage bayan surfe, da ta tafi sai suka ci gaba da zuwa a kan lokaci suna zagaya wurin turminta, shi kuwa ya ji kunyar su koma haka nan. Ya san su ɗaya bayan ɗaya: mai ɗingishi, mai faɗa, da wadda take zuwa a makare. Sa'an nan ya yi shiru, ya ce: "Liman, shekara arba'in da wani abu ni nake buɗe rumbu a gidan nan. Yanzu sai dai a miƙo mini ƙwarya. Waɗannan su kaɗai suka rage da suke jiran hannuna."

Ba mu sami abin cewa ba, sai muka koma zancen damina.

Mun auna hatsin a zuci. Tafi ɗaya kullum, har wata ya ƙare bai cika tiya ba, kuma rabinsa tsaki ne da sharar masussuka. Wanda ya kira wannan almubazzaranci, sai ya faɗa mana sunan kuɗin shayi da sukari da ake ƙonewa a majalisar samari kowane dare, da kuɗin da ake zuba wa salula. Almubazzaranci a wurin malamai shi ne sanya dukiya inda ba ta da haƙƙin zuwa. Cikin tsuntsu kuwa wuri ne na lada. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (R.A.) cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. A lura, wannan ya haɗa har da abin da tsuntsu ya ci ba da son mai gona ba, balle wanda aka miƙa masa da niyya. Kuma labarin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ya nuna cewa akwai lada a kan duk mai rai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Maraɗi da Tawa da Damagaram, tafkuna sun ƙafe, za ka ga tsuntsu a inuwa baki buɗe yana haki. Kaskon ruwa a irin wannan lokaci ya fi hatsin tsada a wurinsa. Musulmin da suka gabace mu sun fahimci haka: magina na Daular Usmaniyya sun riƙa sassaƙa wa tsuntsaye ƙananan ɗakuna a jikin bangon masallatai, har yau ana ganinsu a birnin Istanbul.

Sai dai hukuncin halacci shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ya fi tsaya mana a rai wata magana ce da ɗan ya faɗa cikin ɓacin rai: "Ai ba shi suke so ba, Malam, hatsin suke so." Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, domin in gaskiya ce gaba ɗaya, to tsoho yana yaudarar kansa ne, kuma abin da muke kira shaƙuwa ciniki ne kurum.

Akwai gaskiya a cikinta. Kurciya ba ta san sunan Baba ba, ba ta san ya yi aikin hajji ba, kuma in aka daina zuba hatsi, bayan ƴan kwanaki za ta nemi wata ƙofar. Amma mu tambayi kanmu, me kurciya ta mallaka da za ta iya bayarwa? Rayuwar tsuntsun daji gaba ɗayanta a kan tsoro take. Shaho daga sama, mage daga bayan danga, yaro da danƙo a kowane lungu. Abin da yake tsare ransa shi ne tazarar da yake bari tsakaninsa da duk wani mai motsi. In ya sauka a bakin buzun mutum ya sunkuyar da kai yana ci, ya ajiye makaminsa guda ɗaya ke nan. Kuma ba kowa yake yi wa haka ba, ga shi mu da muka zo da rawani da carbi sun guje mana. Masu binciken halin tsuntsaye sun tabbatar da wannan rarrabewa. A Jami'ar Washinton da ke Amurka, tun daga 2006, wani malami mai suna John Marzluff da ɗalibansa sun riƙa sanya wata fuskar roba suna kama hankaki, su sa musu alama a ƙafa su sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya sanya wannan fuska ya ratsa wurin sai hankakin su taru suna yi masa kururuwa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Tsuntsu yana gane wanda ya cuce shi, yana kuma gane wanda ya aminta da shi. Allah Maɗaukakin Sarki Ya riga Ya sanar da mu a aya ta 38 ta Suratul An'am cewa masu tashi da fukafukai al'ummai ne kamar yadda muke al'umma. Saboda haka abin da yake tsakanin Baba da kurciyoyinsa, ko ba mu kira shi ƙauna irin ta ɗan Adam ba, amana ce, kuma an gina ta da haƙurin shekaru. Hausawa suna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wannan sabo ne da babu wuƙa a ƙarshensa, ɓangarorin biyu kuma sun san haka.

Me ya sa tsofaffi ne suka fi samun wannan amana? Domin tsuntsu ba ya kusantar mai gaggawa. Saurayi yana tafe yana kaɗa hannu, yana waige-waige, yana ɗaga murya. Tsufa ya kwantar da jikin dattijo, ya rage masa motsi, ya sa shi zama a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kowace rana. Raunin da ya sa muka janye shi daga gona da kasuwa shi ne ya sa kurciya ta yarda da shi. Kuma kurciya ba ta tausaya masa. Wannan abu ne da mu masu sauran ƙarfi ba mu cika lura da shi ba: tausayi yana da nauyi a kan wanda ake tausaya wa. Kowa a gida yana kallon tsoho a matsayin wanda za a ɗauka, a kwantar, a ba magani. Tsuntsu kuwa yana kallonsa a matsayin mai rumbu. Annabi (S.A.W.) ya fifita hannun da yake bayarwa a kan wanda yake karɓa, kuma mutumin da ya rayu yana bayarwa ba ya son ya mutu yana karɓa kaɗai. Sa'an nan sadaka ce da riya take wahalar shiga, domin kurciya ba ta yabon mutum a kasuwa, ba ta zuwa jana'izarsa.

A nan ne mas'alar ta juyo kanmu. Da muka sake zama da magidancin, muka tambaye shi: "Yaushe rabonka da ka zauna a buzun Baba ka yi hira da shi, ban da gaisuwar safe a tsaye?" Ya sunkuyar da kai. Ba mugun ɗa ba ne. Yana ciyar da ubansa, yana tufatar da shi, yana kai shi likita. Amma da asuba ya fita neman abin awo, da dare ya dawo a gajiye. Ƙannensa biyu suna bida, ɗaya a Libiya, ɗaya ya bi masu neman zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014, sukan aiko da kuɗi, sukan kira a salula minti biyu. Abokan Baba da suke zama tare a gindin itacen duk sun riga shi. Jikoki suna makaranta, in sun dawo ba su da haƙurin jin labarin da suka ji sau goma. Wannan gida ba shi kaɗai ba ne. Ku zagaya ƙauyukan Kance da Matamai da Madawa da rani, ku ƙirga gidajen da babu kowa sai tsofaffi da ƙananan yara. Abin mamaki, in ɗa ya tafi ya daɗe bai waiwayi gida ba, sai mutanenmu su ce an yi masa kurciya. Kurciyar da muke jingina wa wannan laifi ita ce take zuwa gaisuwa kowace safiya.

A aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i, inda Allah Ya yi wasiyya da iyayen da tsufa ya riske su a wurin ɗansu, bai tsaya a kan ciyarwa ba. Ya hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, Ya yi umarni da magana mai daraja, sa'an nan Ya kawo misalin sassauta fiffike. Malaman tafsiri sun ce an ɗauko misalin ne daga tsuntsu, yadda yake saukar da fiffikensa ya lulluɓe ɗiyansa. Tsuntsu ba ya iya yin haka yana sama, sai ya sauka. Ɗan da yake aiko da kuɗi ya sauke wajibin ciyarwa, Allah ya saka masa, amma sauka da zama wani haƙƙi ne dabam da ba a aikowa da shi. Don haka ba mu ga dalilin da za mu raba tsoho da tsuntsayensa ba alhali ba mu da niyyar zama a gurbinsu. Kuma ko da mun zauna, ba mu ce a kore su ba. Dattijon da gidansa yake cike da jama'a ma yana da haƙƙin ya more kallon halittar Ubangijinsa, wadda Suratun Nur ta shaida cewa tana tasbihi.

Akwai gyare-gyare da ya kamata mu faɗa, don kada a ɗauki maganarmu fiye da inda ta tsaya. Manomi yana da haƙƙin kare gonarsa daga jan baki, kuma tafin hatsin ƙofar gida ba shi ne yake kiran jan baki ba. Wannan tsuntsu yana bin tsabar ciyawar daji da gonaki ne, garke-garke. Kada kuma son tsuntsu ya kai ga kama shi a kulle a keji a manta da shi, domin da zarar ka tsare shi abincinsa da ruwansa sun hau wuyanka, kuma kun san abin da ya sami matar da ta tsare mage. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke wa wata ƴar tsuntsuwa ɗiyanta biyu a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (S.A.W.) ya sa aka mayar mata. Iyayen yara masu danƙo da masu kwashe sheƙa su ji wannan. Masu watsa hatsi a harabar masallaci kuma su matsa can waje: ko da yake kashin tsuntsun da ake ci ba najasa ba ne a mazhabarmu in ba ƙazanta yake ci ba, tabarmin salla suna da haƙƙin tsabta, ladan ma yana da haƙƙin hutu.

Gyaran da ya fi muhimmanci shi ne na camfi, kuma ya shafi ɓangarori biyu. Shamuwa takan iso garuruwanmu gab da damina daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ci fara, kaka ta yi ta koma. Alama ce ta lokaci, kuma kyakkyawar al'ada ce da ba a taɓa ta, amma ba ita take kawo ruwa ba, kamar yadda kukan mujiya ba ya kawo mutuwa. Ɗaya ɓangaren ya fi muni. Mun san tsohuwar da aka fara yi wa raɗa, ana janye yara daga ƙofarta, don kawai an gan ta tana magana da tsuntsaye ita kaɗai. Jifan tsohuwa Musulma da maita saboda ta shayar da mai ƙishirwa zalunci ne babba, kuma waɗanda suka bar ta ba abokin hira su ne suka fara yaɗa zancen. Irin wannan camfi ne ya sa ake farautar ungulu ana sayar da sassanta ga masu tsibbu, har ungulun da dattawa suka sani cike da mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa tun 2015. Baba da kansa ya ce mana ya fi shekara goma bai ga ko ɗaya a kan kukar kasuwa ba.

A ƙarshe abin da muka shirya da magidancin ƙarami ne. Matarsa za ta riƙa ware tsakin surfe a wata ƴar ƙwarya ta ajiye wa Baba, ba tare da ya roƙa ba, kuma ba za a sake ambaton ɓarna a gabansa ba. Shi kuma ya yi alkawarin zai riƙa zama da shi ranar Juma'a da hantsi. Ya cika wasu Juma'o'in, wasu bai cika ba.

Baba ya rayu damina biyu bayan haka. A ciwonsa na ƙarshe ya kwana tara a likita, kuma ɗan ya faɗa mana cewa duk safiya in ya farka tambayarsa ita ce ko an zuba ruwa a kasko. Bayan an yi addu'ar bakwai, magidancin ya sake tsayawa bayan la'asar. Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, in na ci gaba da zuba musu, ladan zai kai ga tsoho?" Muka ce masa sadaka tana isa ga mamaci, muka ba shi labarin Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) da ya tambayi Annabi (S.A.W.) wace sadaka zai yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa.

Bayan kwana uku ya dawo da damuwa. Yana watsa hatsin, yana cika kaskon, amma kurciyoyin sai su tsaya a kan reshe suna kallonsa, ba sa sauka har sai ya tafi. Muka tambaye shi ko a tsaye yake zubawa. Ya ce a tsaye, domin yana sauri ya kama kasuwa. Muka ce ya ɗauko buzun ya shimfiɗa inda aka saba shimfiɗa shi, ya zauna, kada ya motsa. Ya yi haka kwana huɗu ba su sauko ba. A rana ta biyar guda biyu suka sauko, ɗaya daga cikinsu mai ɗingishin ce.